Dubiyar Rago

Ni tela ne. Kekena yana cikin zauren gidanmu a Madarunfa, dab da ƙofa inda haske ke shigowa, daga nan nake ganin duk wanda ya nufi tafki ko ya dawo daga kasuwa. Karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba. Na iya rubuta awon mutum, na iya karanta saƙo a waya, abin da ya rage kuma da surutu nake cike shi. Ina da wani hali da har yau nake roƙon Allah ya rage mini, wato son a taru a kaina. Da zarar mutane sun cika tabarmar zaurena, sai in ji kamar an naɗa mini rawani.

A shekarar da nake magana, akuya ɗaya ce a gidan, ita ma ba tamu ba. Jar akuya ce irin ta ƙasarmu, yayar maiɗakina da ke aure a Gabi ta aiko mata da ita kiwo. Ka'idar da suka yi ita ce wadda aka saba: ki riƙe uwa ki ciyar da ita, in ta haifi mace ɗiyar taki ce, in an yaye ta ki mayar da uwar ga mai ita. Haihuwar fari namiji ta yi, aka kai shi Gabi. Ga ta da ciki na biyu, yayar kuma ta riga ta aiko cewa daga wannan haihuwa tana son akuyarta, don akwai wata ƙanwarsu da ke jira. Tun da maiɗakina ta zo gidana ba ta taɓa mallakar bisa tata ta kanta ba. In ɗiyar nan ta zo mace ta rayu, ta kafa turke ke nan. In ba haka ba, ta koma kallon na maƙwabta. Saboda haka akuyar nan ta fi ni gata nesa ba kusa ba. Ruwan ƙasari, wanda ake wanke surfen hatsi da shi, a sabuwar kwatarniya ake zuba mata, harawar wake kuwa sai an karkaɗe mata ƙasa.

Ana nan sai na sayo rago. Fari ne mai baƙin kai, ƙahonsa ya yi nadi, in yana tafiya kamar ya san ana kallonsa. Wuri a cikin gida akwai, amma na kafa masa turke a ƙofar zaure, na ce wai don iska. Iskar da nake nufi ita ce ta bakin mutane. Kowa ya wuce sai ya tsaya ya ce tubarkalla, ni kuma in duƙar da kai kan keke kamar ban ji ba.

Ba a daɗe ba na lura yana cin dusa yana girgiza kai. Na duba, na ga wasu ƙuraje sun fito masa a leɓe, wasu sun fashe sun yi ɓawo baƙi, har gefen hanci. Cikin ɗan lokaci bakin ragon nan ya koma kamar gindin tukunyar da tuwo ya kama.

Allah ya sa a ranar likitan dabbobi na garinmu ya tsayar da motonsa mai ƙafa biyu a ƙofata, ya kawo wando a rage masa ƙugu. Na nuna masa ragon. Abin da ya fara ba ni haushi, bai taɓa shi da hannu ba, sai da ya nemi leda ya zura hannunsa ciki, sannan ya ɗaga leɓen.

Ya ce, "Wannan ƙwayar cuta ce, maigida. Ido ba ya ganinta. Tana cikin ƙurjin, tana cikin ɓawon da ke faɗuwa ƙasa, kuma ba ta saurin mutuwa. Duk inda fata ta ɗan tsage, nan take shiga."

Na ce, "To allura za a yi mishi?"

"Babu allurar da ke kashe ta. Da kanta take ƙarewa. Ka ware shi, ka ba shi abinci mai laushi, kwanonsa daban. Ga pomad, man magani ne, ka shafa mishi, da leda a hannunka. Kada a ɓanɓare ɓawon, wanda ya faɗi da kansa a share a ƙone. Kada kowa ya taɓa shi. Babban rago kamar wannan zai tashi. Wanda nake ji wa tsoro shi ne ɗan da aka haifa sabo. In ta kama bakinsa ba ya iya tsotso, in ta kama nonon uwar sai ta riƙa harbinsa, yunwa ta kashe shi. Akwai mai ciki a gidan?"

Na ce akwai, amma tana can ciki, nesa.

Daga cikin jawabin nan duka, abin da ya zauna mini a kai guda ne, ragona zai tashi. Sauran na ajiye su tare da wandon.

Warewa kam na ware shi. Na cire shi daga ƙofar zaure na shigar da shi cikin zauren, kusa da kekena. A ganina ya rabu da kowace bisa ta duniya.

To amma a unguwarmu ba a jin rashin lafiya a zauna. Ko mutum ko bisa, sai an zo dubiya. Bambancin kawai, shi mutum ana ce masa sannu a yi addu'a a tashi, ita bisa kuwa ba a yi dubiyarta ba sai an sa hannu. Mai dubiya zai tsuguna, ya kama haɓa, ya buɗe baki, ya leƙa, ya yi shiru kamar mai lissafin gado, sannan ya faɗi magani. Ka hana dattijo wannan, ka ce masa bai san komai ba ke nan.

Wanda ya fara zuwa taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, mahauci, wanda tsakanina da shi babu maganar arziki tun muna yara. Ya buɗe bakin ragon ya leƙa.

Ya ce, "Bawana, wannan ai ya gama. Bari in koma gida in ɗauko wuƙa tun yana da nama."

Na ce, "Likita ya ce zai tashi."

"Likita ya taɓa fiɗa? Ni na san cikin rago, shi takarda ya sani. Kuma dubi bakin nan, wallahi kamar naka in ka ci goro."

Bayansa wani masunci ya zo, ya buɗe, ya ce laka za a ɗebo daga bakin tafki a shafe. Mai amalanken da ke kai kaya Safo ya buɗe, ya ce baƙin man moto ya fi komai, da shi ya warkar da gyambon jakinsa. Wani ya ce ido ne, tun da aka ɗaure shi a hanya ya san za a yi haka, amma shi ma sai da ya buɗe don ya tabbatar. Daga ƙarshe tsohon wanzamin unguwa ya iso, aminin babana, wanda shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, har gobe kuma Baba nake ce masa. Ya tsuguna. Ya sa farce ya ɓanɓare ɓawon tas har jini ya fito, ya goge da jar kanwa. Ragon ya yi wani kuka da ban taɓa jin rago ya yi ba.

Baba ya ce, "Kun ji ko? Magani ya shiga."

Ni fa ina ina? Ina kan hura gawayi. Na shimfiɗa tabarma ta biyu, na ɗora shayi, ina ta karɓar jaje kamar wanda aka yi wa rasuwar basarake. Maganar likita ta zo mini a rai, ba zan yi ƙarya ba, ta zo. Na dube ta, na dubi zauren da ya cika, na ce mata ta dawo gobe. Kowa ya gama da bakin rago sai ya goge hannu a riga, mu gaisa, ya sha shayi, ya tafi gida ya shafa nasa awakin.

Taubashina kuwa, da yake ɗan gida ne, sai ya wuce ciki gaida maiɗakina. Ina jiyo shi yana cewa, "Amaryarmu, kawo in duba miki abin da za ta haifa." Ya duƙa ya tattaɓa hantsar akuyar da hannun nan nasa, ya ce mace ce, in ba mace ba a yanka shi. Ta yi dariya ta ba shi goro.

Nawa aikin ya fi nasa. Mun taso an koya mana mara lafiya ake fara ba abinci. Saboda haka kullum da hantsi, in maiɗakina ta zuba ƙasari a kwatarniya ta shiga ɗaki, sai in lallaɓa in ɗauko, rago ya kurɓa tukuna, in mayar wa akuya sauran. Ina yi ina jin ni mai tausayi ne.

Ba a jima ba labari ya fara zuwa. Tunkiyar masunci ta yi baki. Awakin mai amalanke sun yi. Na gidan Baba ma ba su tsira ba. Dubiya kuwa ramawa ake yi, don haka na rufe keke na shiga gida gida. Da yake a wurina abin ya fara, an ɗauke ni gwani, ana cewa a matsa wa tela ya gani. Ni ma sai in tattare hannun riga, in tsuguna, in buɗe baki, in yi shirun nan, in faɗi magani. Har sababbi na ƙirƙiro. Akwai gidan da na ce a haɗa toka da tsamiya, Allah ya yafe mini, ban san daga inda na samo ba.

Babban yatsan tela ba ya rabuwa da hujin allura. Wata safiya na ga wani ja ya taso mini a kansa, na ce sauro ne. Ya girma, ya yi tsakiya fari da zobe ja, ya kumbura har ya kai ƙwallon magarya. Zare ya gagare ni zurawa. Na naɗe shi da ƙyalle ina ɓoyewa a aljihu.

A cikin haka akuyar ta haihu, da rana tsaka, a inuwar rumbu. Mace. Ja wur kamar uwarta, kunnuwa sun fi kanta girma. Maiɗakina ba mai yawan magana ba ce, amma ranar na ji tana yi wa 'yar akuya waƙa a hankali. Na zo zan ɗauke ta in gani, na fiddo hannu, ƙyallen ya zame.

Ta ce, "Malam, mi ke nan a hannunka?"

Na ce, "Allura ce."

Ta dubi yatsan, ta dubi ƙofar zaure inda rago ke tuƙa da baƙin bakinsa. Ta ɗauke ɗiyar ta rungume.

Ta ce, "Allurar taka da ragonka uwarsu ɗaya."

Washegari likita ya zo karɓar wandonsa, wanda ko farke shi ban yi ba. Kafin in fara ba da uzuri, maiɗakina ta yafa zane ta tsaya a bakin ƙofar ciki, ta gaishe shi, ta ce in nuna masa hannuna. Na nuna.

Ya ce, "Ka sa leda?"

Na ce ledar ta yi ƙaranci a lokacin.

"Wa ya taɓa ragon?"

Na fara lissafa su. Da na kai wajen mai amalanke sai ya zauna a kan benci ya cire hula. Ya ce ya yi ta mamakin yadda abu ya bi unguwa guda gida gida kamar mai rabon goron biki, ashe daga zauren tela aka raba. Ya ce in je likitar mutane, wato asibiti, a duba yatsan, kada in yarda a tsaga shi, in rufe shi, zai warke da kansa.

Maiɗakina ta ce, "Likita, ni ɗiyar akuyata nake tambaya."

Ya maimaita mata abin da ya gaya mini tun farko, ban da kwatarniya, wadda ita ta tono da kanta, don ta ce ta daɗe tana ganin ƙasari na raguwa kafin akuya ta sa baki. Na dubi rufin zaure. Ya ce ta wanke komai da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ta share turke ta ƙone sharar, ta riƙa duba nonon uwar da bakin ɗiyar, in ƙurji ya fito kada a taɓa ɓawon ko kaɗan. Ya ƙara da cewa ni dai ba sai an guje ni ba, ba kasafai take bi daga mutum zuwa mutum ba, in dai na rufe yatsan na bar taɓa bisashe.

Da ya tafi, ta shigar da akuya da ɗiyarta ɗakinta, ta fito mini da tabarmata da filo da buta ta ajiye a zaure.

Na ce, "Ba ki ji ya ce ba sai an guje ni ba?"

Ta ce, "Moto na ƙara, ban ji wannan ba."

Motonsa a kashe yake lokacin.

Haka na koma zama da ragona. Kwanona daban, nasa daban, dukansu a bakin ƙofa ake turo su. Mu kwana tare mu tashi tare, shi da baki ni da yatsa. Taubashina ya leƙo ya gan mu ya ce, "To bawana, wanne zan fara yankawa?" Na ce ya fara da wanda ya shafa hantsar akuya. Bai ƙara zama ba ranar.

Duk da wankin jabel, abin ya riga ya shiga. Ƙurji ya fito a kan nono ɗaya na akuyar, wani ƙarami kuma a gefen bakin ɗiyar. In ta zo tsotso uwar ta harbe ta. Daga zaure nake jin kukanta, kullum yana ƙara siririncewa. Maiɗakina ta riƙa sa leda tana tatsar nonon da ke lafiya a ƙoƙo, ta ɗora ɗiyar a cinya tana ɗura mata da cokali kaɗan kaɗan. Ta bar zuwa ko'ina, ta rame. A gidan mai amalanke kuwa ɗan akuya ya mutu, bayan Baba ya kankare masa baki ya goga kanwa, ya daina karɓar komai. Da na ji wannan, shayi ya fita raina.

Labarin ɗiyar ya fita, unguwa ta shirya dubiya. Maiɗakina ta kira ni daga bayan ƙofa.

Ta ce, "Malam, ban taɓa roƙonka kome ba. Mata ni zan ji da su. Maza naka ne. Kada wanda ya wuce zauren nan."

Na ce, "Har Baba?"

"Shi na fi nufi."

Masunci da mai amalanke ba su ba ni wuya ba, na ce akuyar na ɗakin mata, suka yi addu'a suka juya. Baba ne ba a yi wa wannan, don babu ɗakin da bai shiga ba a gidanmu. Da la'asar sai ga shi da zabirarsa a kafaɗa, jar kanwa a ƙulle a gefen riga, mutane na biye da shi don su ga aiki. Irin taron da nake so ke nan, ya zo har ƙofata.

Na tashi na tsaya a ƙofar ciki.

Ya ce, "Matsa, ɗana, in ga 'yar jikar tawa."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Ba a taɓa ta."

"Wa ya ce?"

"Likita ya ce."

"Likita ne ya yi maka kaciya?"

Mutane suka yi dariya. Na ji kunya ta rufe ni har tafin ƙafa, saura kaɗan in matsa. Sai na jiyo kukan nan siriri daga ciki. Sai na warware ƙyallen na ɗaga masa yatsan dab da fuskarsa. Ya kai maƙura a lokacin, ya yi jawur yana ƙyalli.

Na ce, "Baba, ga abin da na samo a bakin rago. Ni na tara ku, ni na ba ku shayi, kowa ya ɗauka ya kai gidansa. Wannan ɗiya ita kaɗai matata ta mallaka. In kana son kankara, ga nawa, amma ciki ba a shiga."

Ya dubi yatsan da kyau, har na ga hannunsa ya nufi zabira, na yi sauri na mayar da shi aljihu. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin an tare shi a ƙofar gidan amininsa ba, ya ce duniya ta ƙare, ya juya. Taron ya bi shi. Zaurena ya zama daga ni sai rago, haka kuma ya daɗe.

Ɗiyar ta rayu. Ɓawon ya bushe ya faɗi da kansa, maiɗakina ta share ta ƙone, wata safiya uwar ta tsaya cak ta bar ta ta sha. Ranar aka turo mini tuwo da man shanu a kai. Tabarmata kuwa ba ta koma ciki ba sai da yatsana ya saɓe ya yi sabuwar fata, aka kuma duba shi a rana. Ragon ya warke ya yi ƙiba kamar ba shi ba. Uwar akuyar sai da likita ya ce babu sauran komai sannan aka ɗora ta a amalanke zuwa Gabi. Wandonsa ma na gama, na rage ƙugun fiye da kima, ya karɓa haka nan.

Baba ya yi fushi mai tsawo. Ya kai ɗinkinsa wani wuri, in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Daga baya ya sauko, don babu wanda ya san tsawon wandonsa sai ni, ni ma babu wanda ya san kaina sai shi. Har yanzu shi ke yi mini aski, sai dai tun daga lokacin ba ya jiƙa gashin sosai.

'Yar akuyar nan yanzu ita ce babba a turken maiɗakina, da 'ya'ya da jikoki, da ɗan tabonta a gefen baki. Ina da izinin kallonsu daga bakin rumbu. In wata ta yi tari na miƙe, sai in ji murya daga madafa: "Malam, hannu a aljihu." Sai in mayar da shi in koma kan keke.